Rumfar Baba Mu'azu

Kamfanin Alhaji Siddiƙu ya fara ne da mutum uku a wani ɗan shago a Goronyo, suna kafa wa manoman rani famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Cikin shekara huɗu ma'aikata sun kai ashirin, kuma duk wanda ya iya ɗaura waya a cikinsu, a hannun Injiniya Sa'adiyya ya koya. Alhaji kam akwai baki da iya ciniki, amma ka tambaye shi gaba da bayan farantin sola, sai ya ce a kira Injiniya.

Rigimar daga ƙauyen Kwargaba ta taso. Famfo bakwai da Lawwali, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya kafa wa masu albasa duk sun koyi hali ɗaya: da safe su yi ta aman ruwa, rana na take tsaka su yi tsit. Sau biyu ana tura masu gyara, su isa da sanyin safiya, su tarar komai lafiya, su sha fura su dawo.

"Lawwali ya ɓata muna suna," in ji Alhaji. "Alhamis in sallame shi."

"Alhaji, ba ni yini guda," in ji Sa'adiyya. "In hannunai na, da kaina za ni hwaɗa maka."

Abin ya tsaya mata a rai. Ta san aikin Lawwali, mutumin da ke ɗaure noti ya koma ya sake taɓa shi, ga shi ko suna ba a yi ba na haihuwar da matarsa ta yi.

Da hantsi ita da Lawwali suka isa gonar Baba Mu'azu, dattijon da sauran manoman ke kwaikwayo a komai. Ta auna wuta, ta duba rijiya da tiyo, ba ta ga aibu ba. Sai ta nemi kan kunya ta zauna.

"Injiniya, mi muka jira?" in ji Lawwali.

"Da rana tsaka sunka ce yana tsayawa. Nan za ta iske mu."

Rana ta fara cizo, sai ga Baba Mu'azu tafe da zana a ka. Ya gaishe su, ya nufi wasu gwafanni huɗu da ke kafe kewaye da farantan, waɗanda ta ɗauka na tsare awaki ne, ya shimfiɗa zanar a kansu tsaf. Ruwan tiyo ya sirance, ya ɗiga, ya tsaya.

"Baba, mi kaka yi?"

"Inuwa nika yi mai, ɗiyata. Shekara ashirin ina da injin hetur, ban taɓa barin shi ga rana ba. Wanga da yaf fi shi daraja za ni bari shi gasu? Sauran ma ni nac ce musu su yi hakanan."

Lawwali ya ƙunshe dariya, ta harare shi. Ita kunya ce ta kama ta. Ita ta tsara wa ma'aikata yadda ake kafa famfo, daki-daki har goma sha biyu, babu inda ta ce a zauna da mai gona a yi masa bayani.

"Gaskiyarka, Baba, akwai mai son inuwa nan, amma ba shi na ba." Ta nuna masa akwatin wuta da ke jikin ƙarfe, ya taɓa ya janye hannu don zafi. "Wanga aka yi ma rumhwa. Shi ko baƙin farantin ga, rana ita ta abincinai."

Suka mayar da zanar kan akwatin. Ruwa ya ɓarke da ƙarfin da dattijon bai taɓa gani ba. Ya yi salati, ya saɓi sandarsa ya nufi sauran gonaki shida, kai ka ce shi ya gano maganin.

Da ta koma ta ce wa Alhaji, "Hannun Lawwali lahiya lau. Koyarwata ta ad da giɓi." Ta kuma kafa doka: duk wanda ya kafa famfo ba zai bar gona ba sai ya yi azahar tare da mai ita. Alhaji ya yi ƙunƙuni kan ɓata lokaci, sannan ya yarda.

Ranar Alhamis ta tarar da Lawwali yana loda farantai za shi Gandi, ga sabuwar zana naɗe a sama. Daɗi ya cika ta. Ya matso ya rage murya.

"Injiniya, wai yau anka so sallamata?"

"Wa yah hwaɗa maka?" ta ce. "Ɗaure zanarka ka tai, rana na yi."