Karen Da Alhaji Tsoho Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Bara'atu ta dire 'yarta Salima a kan bencin asibiti, ƙafarta ba takalmi, hannunta duk ƙullin ƙosai. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. A ƙwaurinta na hagu ga shaidar haƙora nan jere, jini na tsattsafowa.

Sista Theresa, nas ɗin da ta daɗe a Ƙauran Namoda har Hausarta ta koma ta Zamfarawa, ta wanke ciwon da sabulu, ta sake wankewa, sannan ta yi wa yarinyar allura.

"Karen wa na?"

"Na Alhaji Tsoho."

"An taɓa yi mai allura?"

"Sista, shi Alhajin ma ban san an taɓa yi mai ba."

Theresa ba ta yi dariya ba. Ta ce a riƙa kawo Salima sauran allurai, kada a fasa ko ɗaya. Karen kuma a nemo shi a ɗaure, a sa masa ido. In ya kwashe mako da 'yan kwanaki yana ci yana sha, to ba mahaukaci ba ne, Bara'atu ta kwantar da hankalinta. In ya mutu ko ya ɓace, babu mai iya gaya mata abin da ya shiga jinin 'yarta.

Tsoro ya kama Bara'atu. Ta taɓa ganin wanda haukan kare ya kama a ƙauyensu, can wajen Katuru, kuma ba ta son ko tunawa. Ta goya Salima ta hau kabu-kabu, tana tsine wa karen da mai karen tun daga bakin asibiti har unguwa.

Alhaji Tsoho dillalin hatsi ne. Yana sayo gero a Zurmi da Shinkafi, ya tara a siton da ke jikin gidansa, ya jira farashi ya hau. Tun da ɓarayi suka taɓa fasa siton, sai aka wayi gari ga wani jan kare mai ƙaton kai kwance a bakin ƙofa. Kowa ya san wanda ya kawo shi. Amma Alhaji mutumin sahun gaba ne a masallaci, kuma ya sha ji a wa'azi cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Sai ya samo dabarar da za ta tsare masa gero ba tare da ya rasa mala'iku ba: karen yana gadi, amma ba nasa ba ne. Karen ya kori 'yan Islamiyya har sun zubar da littattafansu, ya yaga wandon mai ruwa, ya hana wata tsohuwa bin lungun da ta yi shekara da shekaru tana bi. Duk wanda ya zo da ƙorafi, Alhaji zai fito ya ɗaga murya da Zamfarancinsa, "Ba nau ba na!" In mai ƙorafi ya juya, sai ƙashi ya faɗo ta saman katanga.

Da Bara'atu ta isa bakin siton, babu kare. Wurin kwanciyarsa ma an share tas, har an yayyafa ruwa.

Ba ta ɓata lokaci ba, ta wuce gidan mai unguwa Saminu. Shi kuwa mutum ne da ba ya son rigima, musamman da wanda ke aiko masa da zakkar gero duk kaka. Ya ce ta yi haƙuri. Ta kwance goyo ta nuna masa ƙafar Salima. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Ta ce to a nan zaurensa za ta zauna, ita da 'yarta da kaskon ƙosanta, har sai an fito da kare. Bayan la'asar ya ɗauki sandarsa.

A gindin dalbejiyar ƙofar gidan Alhaji aka taru. Maƙwabta sun fito, 'yan kabu-kabu sun kashe mashinansu, saboda kallon kyauta ba kullum ake samu ba. Alhaji ya fito da farar riga da carbi, fuskar nan kamar wanda aka katse wa lazimi.

"Alhaji," in ji mai unguwa, yana kallon ƙasa, "cewa aka yi kare ya ciji ɗiyar Bara'atu."

"Subhanallahi. Wane kare?"

"Naka!" Bara'atu ta ce.

"Ke yarinya, ki ji tsoron Allah. Mi zan yi da kare? Karen gari na, shina yawonai. Ni ina ruwana?"

"To rantse."

"In rantse kan kare? Ni?" Ya juya wajen jama'a, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya yadda ya saba. "Ku shaida, jama'a! Ba nau ba na! Na ce ba nau ba na!"

Daga can cikin gida aka ji ɗan kuka siriri, sannan ƙarar kwano ya kife, sannan ihun mata. Sai ga jan kare ya tsallako katanga, guntun igiyar buhu na reto a wuyansa. Taro ya watse. Mai unguwa, da ake cewa gwiwa ta hana shi sallah a tsaye, shi ya fara kaiwa bayan dalbejiya. Karen bai kalli kowa ba. Ya zo gaban Alhaji ya zube, ya yi birgima, ya tashi ya lashe hannun da ke riƙe da carbi, wutsiya na kaɗawa.

Ashe dabbar Allah tun zuwansa unguwar, kalmar da ya fi ji kafin ƙashi ya faɗo ke nan. Shi a saninsa sunansa Banau.

"Ikon Allah," wani ɗan kabu-kabu ya ce daga saman mashin. "Ashe cikin gida yaw wuni. Yau mala'iku waje sunka sha rana."

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya yi gumi har riga ta manne. Kunya ta juye ta zama fushi, ya ture karen da ƙafa.

"Ku kashe shi! Ku kashe ɗan banza, in dai shi na matsalarku!"

Matasa dama haushin karen ya daɗe yana cinsu. Nan take sanduna da duwatsu suka fito. Bara'atu, wadda tun safe take ayyana yadda za ta fasa kan karen nan da taɓarya, ta tuna maganar Sista Theresa. Ba ta san lokacin da ta shiga tsakani ba, goyo a baya, hannuwa a shimfiɗe.

"Wallahi duk wanda yat taɓa karen ga, ni da shi!"

"Ke Bara'atu, ba ɗiyarki yac ciza ba?"

"Ita hwa. In kun kashe shi, wa za ya gaya mini ko mahaukaci na? Ku?"

Ta juya kan mai unguwa, wanda ya leƙo yana gyara hula. Ta ce a kawo sarƙa, ba igiya ba. A ɗaure shi a nan ƙofar gida inda kowa zai gani, kuma ko bayan ya fita zargi kada a sake ganinsa sake a hanyar yara. Da jama'a suka ce ƙwarai, mai unguwa ya gano cewa dama ra'ayinsa ke nan. Alhaji da kansa ya ɗaura sarƙar, don babu wanda karen zai bari ya matso. Yana gamawa ya ce shi dai ya gama da wannan dabba, ko ruwa ba zai ba shi ba, ya shige zaure.

Bayan magariba, Salima ta yi barci, Bara'atu ta dawo da kwanon tuwo da ruwa a tsohuwar roba. Ta tsaya nesa, ta tura su da kara. Karen ya shinshina tuwon ya kawar da kai. Ya kalli ruwan, bai motsa ba. Ta tuna an ce mahaukacin kare gudun ruwa yake yi, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Can sai ya miƙe, ya yi hamma, ya sa baki cikin robar ya hau lasa har ya ga ƙasanta. Ya koma kan tuwon.

"Ci, matsiyaci," ta ce. "Ci ka ƙoshi. Allah shi ba ka lahiya da nisan kwana."

Daga cikin zaure, a hankali, Alhaji Tsoho ya ce, "Amin."