Manga da Kuɗin Ƙasa

Masu safiyo, ma'aunan filayen gwamnati, sun kafa turakun siminti a gonar Ɗantani ranar Talata. Gonar tana Mayo Gwoi, iyaka ɗaya da ta tsoho Manga. Turken ƙarshe ya tsaya dab da kukar da ta raba su.

Manga ya je ya duba. Ya taka simintin da ƙafa, bai motsa ba. Ya koma gida, tuwon rana ma bai taɓa ba.

Tun da aka yanke Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama hedikwata, ƙasa ta yi daraja. Ma'aikata suka kwararo daga Yola, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Gonakin bakin gari suka riƙa zama fulotai. Magana ta bazu cewa mai takardar gwamnati ana kewaye filinsa a bar masa, ko a ba shi wani fili a madadi. Wanda ba shi da ita kuwa, a ƙirga masa dawa da mangwaro a biya shi diyya, a ce ya tashi. Ɗantani ba shi da ita. Ya kwashe iyalinsa ya koma Iware wurin ƙanensa.

Hajaratu, 'yar Manga, mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya huɗu. Gonar nan ce cinsu da shansu. Ta same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baba, Ɗantani ya tafi."

"Na gani."

"Saura mu."

"Wa ya ce miki?"

"Baba, gemun maƙwabci ya kama da wuta. Ka bari in kira Elias."

Manga ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Da ta ga bai hana ba, ta aika.

Elias ɗan Jonah ne, akawu a ofishin filaye. Tun yana goye ubansa ya sauko daga duwatsu neman wurin noma, Manga ya ba shi aron gefen gonarsa ta wajen rafi. Har gobe Jonah na noma wurin, kuma duk kaka yana ɗauko damin dawa a ka, ya ratsa unguwa da rana tsaka, ya sauke a ƙofar Manga. Dami ɗaya ba ya cika rumbu. Amfaninsa shi ne kowa ya gani, a san mai ƙasa, a san ɗan aro. Mai kai dami ba ya sayarwa, ba ya jingina, kuma ran da mai ƙasa ya ce tashi, tashi zai yi. Haka aka gada.

Elias ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, satifiket za ka nema. Takardar mallaka. In ba ita, da kai da babana duk katafila ɗaya za ta kwashe ku."

"Kakana ya sare dajin nan. Kura ce shaidarsa."

"Kura ba ta zuwa ofis, Baba."

Hajaratu ta yi dariya daga bayan zana, ba don daɗi ba. Manga ya harari zanar, sannan ya ce a yi.

Ta sayar da akuyoyinta biyu aka biya mai safiyo. Aka auna gonar, mai unguwa ya yi shaida, Elias ya shigar da takardu. Sai jira. Damina ta sauka, dawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ba labari. Duk motar gwamnati da ta bi hanyar rafi, sai Hajaratu ta ajiye abin da ke hannunta ta leƙa. Jonah ya daina barci sosai, yana zuwa tambaya har Manga ya ce masa in ya sake zuwa ya zo da tabarmarsa. Shi kansa Manga ya rame. Kullum da safe yakan je gindin kukar nan ya tabbata ba a ƙara turke ba.

Ran nan katafila ta shigo gonar Ɗantani. Daga tsakar gida ana jin karyewar mangwarori.

Washegari da hantsi Elias ya iso a keke, gumi ya jiƙa masa riga, da takarda a hannu da ɗan akwatin tawada.

"Baba, ta fito! Takardar tayin filin ce. Ka dangwala yatsa nan, in mayar yau, sai satifiket ya biyo baya. Ƙarshen watan nan za a rufe taswirar unguwar. Wanda sunansa bai shiga ba, ya shiga uku."

Hajaratu ta fito ko mayafi ba ta gyara ba. "Alhamdu lillahi! Baba, kawo hannun."

"Karanta," in ji Manga.

"Turanci ne, Baba, dogo ne kuma."

"Ka mayar da shi Hausa. Ban taɓa sayen saniya a cikin ruwa ba."

Elias ya dubi Hajaratu, ya zauna a bakin tabarma.

"An ce gwamna ya ba ka haƙƙin zama a filin."

"Ya ba ni?"

"Haka ake rubutawa. Na tsawon shekara casa'in da tara."

"Ɗayar fa? Wa ya cinye ta?"

"Baba, wa zai kai lokacin? Ni ma ba zan kai ba."

"Jikokin Hajaratu za su kai. Ci gaba."

"Ba za ka sayar ba, ba za ka jinginar wa banki ko wani ba, sai da yardar gwamna."

"Uhm."

"In gwamnati na bukatar wurin don amfanin jama'a, tana iya soke takardar, ta biya diyyar abin da ka gina ko ka shuka."

Manga ya ajiye carbinsa. Ƙarar katafila ta taso daga rafi, ta lafa.

"Saura me?"

Elias ya juya takardar. "Saura kuɗin ƙasa. Abu kaɗan ne, Baba, bai kai kuɗin kaza ba. Duk shekara ake biya."

"Duk shekara."

"E."

"Ni zan kai, ko su za su zo karɓa?"

"Kai za ka kai ofis, a ba ka rasit."

"Da rana tsaka, kowa na gani."

 Elias ya gane inda tsohon ya dosa, don shi ma ya sha bin ubansa a baya da damin nan.

"Baba, ba haka ba ne. Doka ce ta ƙasa duka. Tun zamanin soja aka ce ƙasa tana hannun gwamna, amana ce. Alhazan cikin gari ma haka suke biya."

"Ubanka yana sayar da wurin da na ba shi?"

"A'a."

"Yana jingina?"

"A'a, Baba."

"In na ce ya tashi?"

"Zai tashi. Amma ai ba ka taɓa cewa ba."

"To me ya raba ni da shi a takardar nan?"

Hajaratu ta durƙusa a gabansa. "Baba, don Allah. Ko aro ne, a bar mu mu ci. Ɗantani mai ƙasa ne, yau ina yake? In sun zo, ina zan kai yaran nan? Akuyoyina ma sun tafi."

"In sun ƙwace, ƙwace ne, kowa ya san ƙwace ne. In na dangwala, ni na ce ba tawa ba ce."

"Wa zai tuna wannan, Baba? Yunwa za mu tuna!"

Elias ya buɗe akwatin tawada ya tura gabansa a hankali. "Babana yana can bakin rafi yana jira. Me zan ce masa?"

Manga ya daɗe yana kallon tawadar.  Ya dubi 'yarsa, ya kau da kai.

"Rufe abinka, Elias," ya ce. "Ba zan dangwala ba."