Mai Girgiza Teburin Dakta

Guntun gilashi ɗaya ya rage wa Dakta, ga shi ranar Litinin za ta fara hutun haihuwa. A kan gilashin an shimfiɗa zaren zinare wanda silin gashi ya fi shi kauri. In aka tura hasken leza mai ƙarfi ta cikinsa, hasken kan matse kansa ya fito a matsayin walƙiya gajera ƙwarai. In ƙarfin ya wuce kima, zaren ya narke. Shekara biyu tana farautar walƙiyar nan, gilasai uku sun ƙone, biyu a hannun mijinta, injiniyan ɗakin gwajin.

Yau kuma da ta sunkuya za ta saita hasken, sai layin da ke nuna hasken a kan kwamfuta ya yi tsalle.

"Injiniya, wani abu na girgiza teburin nan!"

Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, layin ya yi tsalle. Ya fita ya roƙi masu gogen bene su dakata, ya dawo ya tuɓe takalmi yana sanɗa. Layin ya sake tsalle. Sai ya tsaya yana kallonta, can ya fashe da dariya.

"Dakta, ja baya kaɗan."

Ta ja, layin ya kwanta luf. Ashe cikinta ne ke jingine da tebur, ɗan ciki yana ta shuri.

"Lallai jininka ne," ta ce. "Tun bai fito ba ya fara ɓarna."

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Daga inda take hannunta ba ya kai ga sukurun ƙara ƙarfi. Ta miƙa ta gefe, ta ɗaga dunduniya, ina! Ta dubi gilashin, ta dubi manyan yatsun mijinta.

"Ni?" ya ce. "Ba ke kika sa mini suna Ƙona-zinare ba?"

"Sa tabarau, malam. Ka juya kamar kana cire mini ƙaya."

Ya sa tabarau, ya kama sukurun.

"Kaɗan... ƙara... Kai! Na ce kaɗan!"

"Ko numfashi ban yi ba, ranki ya daɗe."

"To kar ka yi."

A kan kwamfuta, tudun layin ya fara tsukewa, yana ƙara tsini. Ya tsuke rabi, ya sake tsukewa, har ya tsaya kamar allura. Walƙiyar ta fito.

"Sake shi! Ɗauke hannunka!"

Ya ɗaga hannu biyu sama. Ta danna ta adana sakamakon, ta sake dannawa don kar a ce. Sannan ta zauna a kujera tana share ido.

"Ya ƙone?" ya tambaya, hannuwa har yanzu a sama.

"Bai ƙone ba. Sauke hannun, zo ka gani."