Saura Ƙafa Ɗaya

Ana gab da gasar tsere, Kili, farin dokin Kawu, ya fara ɗingishi. Kawu ya kira ɗan ƙanwarsa, likitan dabbobi. Likita ya durƙusa a barga, ya matsa gwiwar da ta kumbura.

"Guringuntsin ya cinye, Kawu. Zan yi masa allurar kashe kumburi a cikin gaɓar. Amma babu gudu, sai ya huta."

"In ciwo ya tafi, hutun me?"

"Allurar rufe wa ciwo baki take yi. Doki kuwa ɗingishi ne bakinsa. In ka rufe, da me zai ce maka a'a?"

Idon Kawu na kan kwalbar maganin. Ya tattare wando ya nuna tasa gwiwar. "Ragowar fa?"

"Ni masu ƙafa huɗu nake dubawa."

"Da sandata uku ne."

"To, saura ɗaya."

Bayan allurar, Kili ya daina ɗingishi, Kawu ya sa sunansa a gasa. Don ya ƙaryata yaron nan, ya je asibitin mutane aka yi masa irin allurar. Can ma an ce ya huta. Ya jingine sanda, ya ɗauki buhun dusa, ya hau tsani ya toshe yoyon rufin ɗaki da matarsa ta gaji da yi masa mita a kai. Gwiwar ba ta ce uffan ba, shi kuwa ya ɗauki shirunta izini.

Ranar gasa ya farka da gwiwa kamar kabewa. Yana kwance ya ji Kili na haniniya, cike da irin nishaɗin da shi ma ya yi jiya a kan tsani. Ya daɗe yana kallon inda ya toshe. Shi dai da kansa ya hau. Kili fa, wa ya tambaye shi?

Ya dogara sanduna biyu har barga, inda Likita ke tsaye fuska a murtuke.

"A sauke sirdin," in ji Kawu. Sannan ya buga sandunan a ƙasa. "Kai kuma, ƙirga."

"Huɗu cif. Amma Kawu, nawa marasa lafiyar, in na ce su huta, ɗaure su nake yi."

Daga bayansu matar Kawu ta miƙo igiyar shanya.