Hamsin da Huɗu

Shekara goma sha huɗu Baba ya yi yana kokawa da lamba guda. Tun da ya bar koyar da lissafi ya tsinto ta, doguwa mai gida goma sha biyu, ya rantse ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta. Hujja kuwa sai an bi ta da ƙafa: kullum ya raba ta da lambobi goma sha biyar, in duk sun bar saura ya yi musu maki. Littattafai sittin suka cika kabad, har kwanuka suka koma ƙasan gado.

Da idonsa ya mutu, aikin ya faɗo kan autarsa. Kafin ta tafi asibiti, inda take ba da magani, sai ta zauna bakin tebur ta yi rabawar, shi yana jin amsa. Ba sonta take ba, amma saura kwana tara a gama, kuma shi ke nan abin da ya rage wa tsohon.

Ran nan da safe ya tafi wanka, ita kuma don rashin abin yi ta soma tara gidajen lambar, dabarar da ya koya mata tun tana 'yar firamare. Hamsin da huɗu. Ta sake, hamsin da huɗu dai. Ko ɗan aji uku ya san duk lambar da jimillarta ta rabu da uku, ita ma uku na raba ta.

Ta zaro littafi na farko, wanda shayi ya taɓa malalewa a kansa. A can gida na biyar takwas ne, rabinsa ya wanke. A littafi na biyu ya zama uku, da kyakkyawan rubutun marigayiya Inna, wadda ta kwafe masa. Daga nan Baba ya ɗora inda ya tsaya, bai waiwayi ƙananan lambobi ba. An yi ta ginin rijiya a kan dutse. Tausayinsa ya kama ta, da haushi, har ta rasa wanda ya fi.

Ya fito yana laluben bango, ya zauna.

"Auta, shirun me kike yi?"

"Ba komai, Baba."

"Na ji kin buɗe kabad. Kin tara gidajen lambar, ko?"

Ta ajiye littattafan biyu a kan tebur.

"Ni ma na tara, watan da muka binne uwarki. Shekara uku ke nan."

"To, Baba, me ya sa…"

"In na rufe littafin, in ce wa ya ɓata? Kuma in tashi da safe in yi me?" Ya lalubo fensir ya tura mata. "Saura kwana tara. Kawo ta gaba."

Ta duba agogo, ta makara. Ta ja kujera ta soma rabawa.