Rariya Uku da Mai Sunan Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ba da daɗin rai na kwanta ba. Wata huɗu ke nan Inna na kwance tun da jikinta ya shanye, ba magana, ba motsi. Yaya Sallau ya ce yau zai turo mota a mai da ita ƙauye, wai gangar jiki kawai muke jinya. Na ce ƙarya ne, amma ba ni da shaida.

Sai ga ni cikin kumbo a sararin samaniya, wata zabuwa mai kallabi tana tuƙi.

"Ina muka nufa?" na tambaye ta.

"Zara."

Na sunkuyar da kai. Sunan uwata ke nan, ko a sama yake ba na kiran sa. Tauraruwar nan, mai sunan Inna nake ce mata.

Muka iske ta lulluɓe ruf da gajimare. Zabuwa ta ce ba a sauka, zafin ƙasarta dalma yake narkarwa. Ta miƙo min rariya uku.

"Ta ƙasa, ta iska, ta hayaƙi. Tankaɗe za ki yi, Hansatu."

"Ina garin?"

"Haske ne garin."

Na tara rariya ta taga, hasken tauraruwar ya zubo ciki. Wayyo ikon Allah! Ya tsiyayo launi-launi kamar bakan gizo, ga wasu siraran tsage baƙaƙe a jikinsa.

"Aska ce," in ji zabuwa. "Kowane abu da askar gidansu. Dutse da tasa, ruwa da tasa. In kin iya karanta fuska, ba sai kin tambayi mutum garinsu ba."

Rariyar farko ta nuna min baƙaƙen duwatsu har iyakar gani, rana tana fitowa daga yamma babu mai ce mata kanzil. Ta biyu ta nuna ruwan sama yana saukowa, kafin ya taɓa ƙasa sai ya ji kunya ya koma. Na saki baki ina kallo.

"Saura ta hayaƙi. Akwai wani dutse mai aman wuta a ƙarƙashin lulluɓin nan. In bai numfasa ba, yau za a sauke ta daga sama a kai ta ƙauye."

"Wane mara kunya ne zai sauke ta?"

"An riga an turo mota."

Na girgiza rariya har kafaɗata ta ƙage. Babu komai. Zabuwa ta duba agogo ta ce in hanzarta, saura shekara ɗaya rana ta faɗi. Tsoro ya kama ni, hawaye suka zubo, su ma suka koma sama.

Sai na tuna faɗan Inna a tsakar gida: "Ke raguwa, ba girgizawa ake yi ba, gefenta ake bugawa." Na buga. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Wani tsage siriri ya fito, ɗanye shar.

"Askar farar wuta ce," zabuwa ta faɗa a hankali, ta gyara kallabi. "Ta yau ce, ba ta bara ba."

Gajimaren ya ɗan yaye. Na ga kogin wuta ja wur yana malala shiru, ashe duk tsawon lokacin nan yana ci a ciki. Tsarki ya tabbata ga Allah. Na saki rariyar, amma bugun bai tsaya ba.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye tangaran. Inna ce ke buga zobenta a gefen kwanon sha da ɗan yatsa ɗaya, tana hararata, don na makara sallar asuba. A ƙofar gida mota tana ta oda, Yaya Sallau na ciki.

Na leƙa ta taga na ce, "Yaya, kashe motar nan ka shigo, kai ma ka karɓi taka harara."