Daɓen Fijon Malam Shitu

Shekara goma sha ɗaya Fijo 504 ta mahaifinmu, Malam Shitu, ta yi a ƙarƙashin rumfar kwano a gidanmu na Malumfashi. Tun ranar da ciwon ƙafa ya zaunar da shi ba ta sake motsi ba, bayan rasuwarsa kuma sai ta koma ɗakin ajiya. Fartanyu da tsofaffin buhuna a cikinta, a kan kariyar ɗora kaya da ke samanta kuwa ake jibge duk abin da ba a so ruwa ya taɓa.

A farkon daminar bara na dawo daga tasha na tarar da yayana Abdulmutallib, wanda gidan ke hannunsa yanzu, tsaye da Manu ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Manu yana ƙwanƙwasa jikin motar da mabuɗi, yana neman inda zai fara sara. Na ce ya ɗauke hannunsa, motar nan ni zan gyara ta.

Yaya bai ko dube ni ba. Ya juya wajen Manu yana ba shi labarina kamar ba na wurin: na gudu daga makaranta a aji biyu na sakandare, na yi acaɓa wata huɗu na bari, na yi wata takwas a garejin Baba Adewale mai gyaran bodin mota a Funtua na yi fushi na dawo. Ya ce ko kofin shayi bai taɓa ganin na shanye ba.

"To ka ji, Mannir," in ji Yaya daga ƙarshe. "Rumfar nan masarata za ta shiga. Ranar da aka fara kawo ta daga gona, in motar tana da daɓen da mutum zai taka, ƙofofinta huɗu suna rufuwa, ka ja abarka da igiya ka tafi, na bar maka. In ƙofa ɗaya ta ƙi, Manu ya kawo gatarinsa."

Na ce na yarda. Manu ya ce shi ne shaida, yana dariya.

Da na kwashe tarkacen na ɗaga shimfiɗar roba, sai ga ƙasa ina gani ta cikin motar. Mahaifinmu ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Funtua da Malumfashi, daga baya ya cire kujerar baya yana kai taki gonarmu ta wajen Kafur. Buhun taki yana gumi da damina, kuma gumin nan ba ya barin ƙarfe. Tsatsa ta cinye daɓen gaba da baya, ta kama har dogayen ƙarafan da ke kwance a ƙasan ƙofofi. In ka sa yatsa sai ya wuce.

Na san yadda Baba Adewale ke yin wannan aiki. Kafin ya yanke ko tafin hannu ɗaya, sai ya yi kwana biyu yana walda tokarai na fayif, wato bututun ƙarfe, a cikin mota, ɗaya a bakin kowace ƙofa, biyu a gicciye. Sannan ya yanke ɓangare ɗaya, ya gama shi tsaf, kafin ya taɓa ɗayan. A kan wannan ma muka rabu. Na ce masa muna gina kejin kaji a cikin motar mutane alhali aiki na jira, ya jefe ni da safar hannu, na ɗauki rigata na kama hanya.

Don haka ban yi tokari ba. Na cire ƙofofin na jingine su, na ɗora motar a kan bulo gaba da baya, na aro injin yankan ƙarfe da na walda da janareta. Yini ɗaya na zubar da daɓen duka, hagu da dama, har da ruɓaɓɓun ƙarafan gefe. Na tsaya a tsakiyar motar ƙafafuna a ƙasa, ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Washegari na tafi Funtua neman farantin ƙarfe, na kwana biyu saboda mai kaurin da nake so ya ƙare.

Da na dawo na tarar da buhu takwas na taki a kan kariyar motar. An kawo wa Yaya kayansa ana ruwa, ya sa an ɗora su inda ake ɗorawa kullum. Na yi masifa a kan za su ɗiga mini a jiki, na sauke su, ban yi tunanin komai bayan wannan ba. Sati uku ina yanka, ina lanƙwasa, ina walda. Daɓen ya fito sumul, na shafe shi da jan fenti. Har maƙwabta suna leƙowa.

Ranar da na mayar da ƙofofi ne na ga abin da na yi. Ta direba ta daki ginshiƙin tsakiya daga sama, daga ƙasa kuma ta bar tazarar da hannu zai shiga. Sauran ukun ma haka. Na ja baya na kalli motar daga nesa. Tsakiyarta ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, ni kuma na zo na ɗinke lotsawar da walda, na kulle ta a haka.

Muka yi ta da Yaya a tsakar gida har matarsa ta kwashe yara ta shige ɗaki. Na ce da gangan ya ɗora takin. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana ɗora taki a wurin motar ba ta ce uffan ba, sai da gwani ya cire mata ciki. Ya tambaye ni wane mahaukaci ne ke rushe bangon ɗaki huɗu ya bar jinka a tsaye, sannan ya zargi kazar da ta hau. Na ce kazar nan buhu takwas ce. Ya ce masara ta fara fitar da gemu, in ci gaba da surutu.

Kwana biyar ina dukan ginshiƙan da guduma, ina sassauta maƙalan ƙofa, a banza. A na shida na hau mota zuwa Funtua.

Baba Adewale haifaffen Funtua ne, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Na same shi a durƙushe yana daidaita goshin wata bas. Na gaishe shi, ya amsa wa bas ɗin. Na tsaya a rana na faɗi abin da ya faru, ban rage komai ba, har takin. Sai da na gama ya miƙe.

"Wato ba ka gina kejin kaji ba."

"Ban gina ba, Baba."

"Madalla. Ai ka huta. Ka je ka sayar wa masu tuya, daɓen da ka yi zai yi kaskon ƙosai."

Na juya zan tafi, domin zuciyata ta fara tafasa irin ta wancan karon. Na kai bakin titi na tuna gatarin Manu, na dawo na sake tsayawa inda na bari. Ya bar ni a nan har aka kira la'asar. Bayan salla ya shiga cikin shagon ya fito da wata doguwar sandar ƙarfe mai tsage-tsage a jiki. Ya ce awon bakin ƙofofin 504 ne, shi ya tsaga da hannunsa tun ana kawo su sababbi. Ya ce ba don ni zai je ba, don Shitu ne, wanda bai taɓa kai motar nan wurin wani ba. Sharaɗinsa ɗaya: shi ba zai taɓa komai ba, kuma duk waldar da na yi, ni zan yanke ta a gabansa.

Ya zo ranar Lahadi ya zauna a kan turmi da sandarsa. Na yanke aikin sati uku cikin yini ɗaya, Yaya na zaune a ƙofar ɗaki yana cin gyaɗa, yana tambaya ko haka ake gyara a Funtua, a ɗinka a farke. Baba Adewale ya ce masa mai ɗora taki a kan motar da ba ta da ciki bai kamata a ji bakinsa ba. Sannan ya juyo kaina ya ce in daina murmushi, ni na fi shi laifi, domin ni an nuna mini.

Muka sa jak biyu na ɗaga mota da katako a ƙarƙashin ginshiƙan tsakiya. Ina ɗagawa kaɗan kaɗan, shi yana sa sanda a bakin ƙofa yana cewa ƙara, ƙara, tsaya, kai kurma ne? Motar tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Da tsagar sandar ta zauna daidai a kowace kusurwa, ya sa na walda fayif a kowane bakin ƙofa daga ciki, biyu kuma a gicciye daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Ya nuna mini yadda zan yi sauran: ɓangaren direba tukuna, ƙarfen gefe kafin daɓe, walda ɗigo ɗigo ana tsallakawa don kada zafi ya ja farantin. Ya ce in na cire tokari ɗaya kafin in gama, kada in ƙara taka garejinsa. Ya ƙi cin abincin da aka kawo masa, ya tafi da sandarsa.

Wata guda na yi a cikin kejin nan, ina shiga a duƙe, fayif na bugun ƙeyata. Sau biyu na ɗauki injin zan cire wanda ya fi takura mini, na ajiye. Na cire kariyar daga saman motar gaba ɗaya na ɓoye ta a bayan gida. Ni da Yaya ko gaisuwa mun daina.

Ana gobe za a fara kawo masara na yanke tokaran, na sauke motar a kan tayoyin aro. Ƙofar direba ta rufu da taɓawa ɗaya. Ta gefensa ma haka, ta baya ta dama ma haka. Ta baya ta hagu ta ƙi. Tazararta daidai take ko'ina, amma in na tura sai ta daki makullin ta dawo. Na sassauta, na ɗaure, na sa mai, har hantsin washegari, lokacin da amalanken farko ya tsaya a ƙofar gida, Manu kuma ya shigo da gatari a kafaɗa.

Yaya ya bi ƙofofin yana rufewa da yatsa ɗaya. Ya taka daɓen, ya yi tsalle a kai. Da ya zo ta huɗu ya tsaya ya ce in rufe da kaina. Na tura, ta dawo. Na buga da ƙarfi, ta dawo ta daki gwiwata. Manu ya sauke gatarinsa ya ce alkawari dai kaya ne. Na sake bugawa, na sake, har gilashin ya fara rawa a cikinta.

"Za ka fasa gilashin, jaki," in ji Yaya. "Matsa."

Ya ture ni da kafaɗa. Ya sa hannun hagu a ƙasan mariƙin ya ɗaga ƙofar sama kaɗan, ya dafa ta da gwiwa. Ta shige, ƙas, kamar sabuwa.

A lokacin na lura da hannun da ya ɗaga ta da shi, mai ɗan yatsan nan da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Tun ina ƙarami na san ƙofar mota ce ta datse shi, ban taɓa tambayar wacce ba. Shekara shida Yaya ya yi yana bin mahaifinmu a hanyar Funtua, shi ke loda kaya, shi ke rufe wa fasinja ƙofa, lokacin da sa'o'insa ke aji.

Manu ya ce wannan ai ba lissafi ba ne, mai motar bai iya rufewa ba. Yaya ya ce masa huɗu aka ce, huɗu sun rufu, don haka ya ɗauki gatarinsa ya ƙara gaba. Fuskarsa a murtuke take, kamar mai jin haushin hannunsa.

"Haka ƙofar nan take tun ranar da aka sayo motar," ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba. "Fitar mini da ita kafin azahar. Kuma kada in sake ganinta a gidan nan, ko a ƙofar gida."

Na ce ba zai gani ba. Na nemo mai a-kori-kura ya ɗaura mata igiya, na zauna a kujerar mahaifinmu ina riƙe da sitiyari, ƙafafuna a kan daɓen da na yi sau biyu. Muna fita ana shigar da buhun farko rumfar. Ba ni da inda zan kai ta sai wuri ɗaya.

Baba Adewale ya zagaya ta sau ɗaya a bakin garejinsa, ya leƙa ƙasa, ya bi waldar da farce. Ya ce ta gefen dama kamar kashin awaki, sai na goge ta. Ya buɗe ƙofar baya ta hagu, ya bar ta a buɗe, ya koma wurin aikinsa. Na tsaya ina ɗagawa ina dafawa da gwiwa, sai a karo na bakwai ta kama.